Ka yi wa kwamfuta fomat, ba sauti ba intanet? Ga yadda ake saka direbobin madabod

Ka gama fomat, sabon Windows ya hau lafiya lau, sai ka jona wayar intanet shiru, ka kunna karatu sifika ko tari ba ta yi, rubutun allo kuma manya-manya kamar an hura musu iska. Kwantar da hankalinka ɗan uwa, bod ɗinka, wato madabod, babban faifan da sauran kayan kwamfuta ke liƙe a kansa, bai ƙone ba, direbobi ne babu. Direba a nan ƴar manhaja ce da take tafinta tsakanin Windows da kowane ɗan guntun kaya da ke liƙe a kan madabod, na sauti da nasa, na intanet da nasa, ramukan USB da nasu, in babu tafintan sai a yi ta zaman kurame.

Kafin ka sauke komai ka san sunan bod ɗinka tukuna, wallahi rabin wahalar da mutane ke sha daga nan take farawa. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta msinfo32, ka duba layin BaseBoard Manufacturer da BaseBoard Product, ka kwafe abin da ka gani a takarda harafi da harafi. Na ce harafi da harafi saboda misali Gigabyte suna da B450M DS3H, suna da B450M DS3H V2, kuma suna da mai WIFI a ƙarshe, sunan kamar ɗaya amma kowanne da shafinsa. In wurin bai nuna komai ba sai ka kashe injin, ka zare wayar wuta, ka buɗe murfin gefe da ƴar tocila, sunan yana nan a rubuce ɓaro-ɓaro a jikin bod ɗin.

Amma in taka irin ƴan gwanjon nan ce da suka cika ofisoshi da shagunan buga takardu, Dell OptiPlex ko HP ProDesk ko Lenovo ThinkCentre, to ba ruwanka da sunan bod, sitikar da ke jikin akwatin za ka duba. Dell suna kiran lambarsu Service Tag, haruffa da lambobi guda 7, HP da Lenovo kuma siriyal lamba. Ka shiga sashen Support na shafinsu ka zuba lambar, su da kansu za su jero maka direbobin injinka. Wanda aka haɗa masa tasa daga kaya daban-daban kuma ya tafi shafin kamfanin da ya yi bod ɗinsa, ASUS ko MSI ko Gigabyte ko ASRock, ya zaɓi Windows ɗin da ke kansa, 10 ko 11.

To yaya za ka sauke alhali intanet ɗin ma ba ta aiki? Ga dabara: jona wayarka ta Android da kebul, ka shiga saitin hotspot ka kunna USB tethering, yawanci Windows yana gane ta nan take ba sai da wani direba ba. Ko ka sauke direban LAN, wato na ramin wayar intanet, a wata kwamfutar ka ɗauko a filash.

Tsarin sakawa kuma, ni dai direban chipset nake fara sakawa kullum, don shi ne yake gabatar wa Windows da hanyoyin da ke cikin bod ɗin, sauran a kansa suke hawa. In furosesa ɗinka AMD ne gara ka ɗauko nasa daga shafin AMD kai tsaye, ya fi zama sabo. Saka shi ka yi ristat, kar ka ce bari in haɗa su duka in yi sau ɗaya, haƙurin minti biyu ne. Sai LAN da Wi-Fi, sai sauti wanda galibi na Realtek ne, sai na hoto. Yawancinsu a ƙunshe suke zuwa cikin zip, ka warware tukuna sannan ka danna Setup. Wanda ba shi da Setup sai ƴan fayil masu ƙarewa da .inf, ta Device Manager ake saka shi, Update driver, Browse my computer, ka nuna masa folda.

Device Manager ɗin nan shi ne madubinka, ka danna dama a kan Start za ka gan shi. Duk inda ka ga ɗan alwatika ruwan ɗorawa da alamar motsin rai, akwai saura. SM Bus Controller na nufin chipset bai shiga ba, PCI Simple Communications Controller kuma kusan kullum direban da ake kira Intel Management Engine yake nema. In ya rubuta Unknown device kawai, shiga Properties, Details, ka zaɓi Hardware Ids, za ka ga VEN da haruffa ko lambobi huɗu masu nuna kamfanin da ya yi kayan: 8086 Intel ne, 10EC Realtek, 1022 AMD, 10DE kuma Nvidia. Ka kwafi layin gaba ɗaya ka nema, za ka san ko wane ne. Ka leƙa Windows Update ma, cikin Optional updates ana samun direbobin da bai saka da kansa ba.

Maganar sabuntawa, a nan ne nake da ƙorafi. Waɗannan manhajojin da suke fito maka da jan rubutu wai direbobinka 27 sun tsufa danna nan mu gyara, don Allah ka rabu da su. Akwai wani bawan Allah mai shagon buga takardu da ya kawo min tasa, lafiyarta ƙalau da safe, ya danna irin wannan, kafin azahar sai shuɗin allo take yi tana mutuwa ga mutane a layi suna jiran takardunsu, sai da muka ɓata yini. Direban da ke aiki lafiya ka bar shi. Ka sabunta in akwai dalili, sauti na yankewa, intanet na faɗuwa, USB na ƙin karɓar filash, ko ka canza Windows. Kuma kafin ka taɓa ka rubuta Create a restore point a wurin nema ka ajiye ɗaya, wato madogarar da za ka iya mayar da Windows yadda yake a da, in sabon ya zo da rigima kuma sai ka fara komawa Device Manager, Properties, Driver, Roll Back Driver don dawo da tsohon direban.

BIOS kuwa, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ya hau, za ka gan shi a shafi ɗaya da direbobi amma ba direba ba ne, a cikin bod ɗin kansa ake rubuta shi, in NEPA ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa kwamfutar na iya ƙin tashi kwata-kwata. Kar ka fara sai da UPS mai cikakken caji ko sola, kuma sai in akwai buƙata, kamar za ka sa sabon furosesa da tsohon BIOS bai sani ba.

In komai ya daidaita, ba sauran alamar ruwan ɗorawa, ka buɗe folda a filash ka sa mata suna direbobi, ka buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, in filash ɗin E ne ka rubuta pnputil /export-driver * E:\direbobi. Zai kwashe duk direbobin da ka saka ya zuba a ciki, ran da ka sake fomat sai dai ka nuna wa Device Manager foldar, ko kwabo ba za ka kashe a data ba.