Kurakuran da aka fi yi wajen jinyar miji bayan an sallamo shi daga asibiti

Sau uku ke nan cikin ƴan watannin nan ina shiga dubiya a gidajen da aka sallamo maigida daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, kuma a kowane gida abu ɗaya nake tararwa: marar lafiya yana kwance rigingine a kan katifar da aka lulluɓe da leda, matarsa tana gefe da kofin ruwa a hannu, ƴan dubiya sun cika ɗaki suna yaba mata haƙuri. Ban ce komai ba a lokacin, domin ba a gyara wa mace jinyar mijinta a gaban danginsa, amma na san inda wannan hanya take ɓullewa, tun da na bi ta da maigidana a nan Tawa, kuma rashin sanina a jikinsa ya ƙare. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce. Abin da zan faɗa na koye shi ne daga bakin ma'aikatan jinya da kuma daga ɓarnar da na yi da hannuna.

Kuskuren yana farawa tun kafin a bar asibiti. Ranar da lokotoro ya ce za a sallame ku, hankalin kowa yana komawa kan motar da za ta ɗauke shi da kuɗin da ya rage a biya, ba wanda yake tambayar yadda za a juya shi, yadda za a ɗaga shi zaune, ko wace alama ce idan an gani za a dawo da shi ba tare da jiran wayewar gari ba. Kwanakin da kike yi a gefen gadonsa a asibiti su ne makarantarki, saboda haka ki roƙi ma'aikaciyar jinya ta nuna miki kowane aiki, sannan ki yi shi da hannunki tana kallo. A gida kuma a sa wani ya shirya ɗaki kafin ku iso: gado mai tsayin da ba zai sa ki duƙa har bayanki ya ƙage ba, a ɗakin da ya fi kusa da ƙofa da makewayi, a janye shi daga jikin bango yadda mutum zai iya tsayawa ta kowane gefe, a kuma kwashe tabarmi da tarkacen da ƙafa za ta iya sarƙewa da su. Kafinta zai iya huda kujerar katako a sa bokiti a ƙarƙashinta domin bayan gida. Wanda zai sayi keken guragu ya fara auna faɗin ƙofarsa, ya kuma tuna cewa ƙafar keke ba ta tafiya cikin yashin tsakar gida.

Babban abin da ya cuce mu shi ne gyambon kwanciya, wanda ma'aikatan asibiti suke kira eskar. An sallamo maigida a watan Afrilu, lokacin da zafin Tawa yake wuce digiri 40, ni kuwa, don gudun kada fitsari ya ɓata katifa, na shimfiɗa leda na ɗora zane ɗaya a kanta. Duk lokacin da muka zo juya shi sai ya yi nishi ya ɓata fuska, yayarsa kuma ta ce, “Ku bar shi ya huta mana, wannan jujjuyawar ai azaba ce.” Na ɗauka tausayi ke nan, na bar shi. Bayan ƴan kwanaki, ina wanke shi, na ga wani wuri a ƙasan bayansa, daidai ƙashin da ke sama da mazaunai, ya yi duhu fiye da sauran fata, ya yi tauri da ɗumi. Na samo man kaɗanya na murza wurin da ƙarfi, ina ganin gyara nake yi, alhali murzar tana ƙara kashe naman da ya riga ya wahala. Kafin mako ya zagayo fata ta buɗe, kuma abin da ke ciki ya fi bakin girma nesa ba kusa ba, domin irin wannan gyambo daga wajen ƙashi yake fara cin nama kafin ya bayyana a sama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayoyin cuta suka shiga, zazzaɓi ya zo, wari ya cika ɗaki, muka koma asibiti. Watanni muka yi ana wanke wannan rami ana cusa bandeji, kuɗin da ya kamata su tafi wajen koya masa tafiya suka ƙare a farmasi, lokacin da ya kamata ya yi yana motsa jiki kuma ya ƙare a kwance.

Dalilin abin ba ɓoyayye ba ne. Mai lafiya yana motsawa cikin barci ba tare da ya sani ba, shi kuwa wanda jikinsa ya shanye nauyinsa yana danne fata tsakanin ƙashi da katifa har jini ya daina isa wurin, kuma sa'o'i kaɗan sun isa a fara ɓarna. Gumi da fitsari suna jiƙa fatar su sa ta yi saurin saɓulewa, leda kuwa ba abin da take yi sai tara su. Littattafan turawa suna cewa a nemi wurin da ya yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka da hannu ake dubawa tare da ido: wurin da ya fi duhu, ko ya fi ɗumi, ko ya yi tauri ko laushi dabam da kewayensa. A duba ƙasan baya, da kwatangwalo, da dugadugai, da idon sawu, da allon kafaɗa, da gwiwar hannu, da ƙeya, safe da yamma, a wurin da haske yake.

Ƙa'idar da aka ba ni ita ce a sauya masa kwanciya duk bayan awa biyu. Da rana na ɗaure abin da lokutan salla da na abinci don kada in manta, da dare kuma wayata take tashe ni. Ba na kwantar da shi a kan ƙashin kwatangwalo kai tsaye, ina ɗan karkata shi ne in tokare bayansa da matashi, in sa wani tsakanin gwiwoyinsa, wani kuma a ƙarƙashin ƙwaurinsa yadda dugadugansa za su kasance a sama ba su taɓa katifa ba. Idan ya zame ƙasa, mutum biyu suke kama zanen da ke ƙarƙashinsa su ɗaga shi, domin jan sa a kan shimfiɗa yana yage fata. Ledar ban jefar da ita ba, amma na mayar da ita ƙarƙashin zannuwan auduga masu kauri, kuma da zarar zane ya jiƙe ake sauya shi, ko da ƙarfe uku na dare ne. Akwai katifar iska mai aiki da lantarki, tana da amfani ga mai hali, sai dai ba ta ɗauke wa kowa juyawa, balle a garin da wuta take ɗaukewa a tsakiyar bazara. Wannan ƙa'ida tana nan ko a cikin mota. Daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, kuma wanda za a kai babban asibitin ƙasa ko asibitin Referans da aka ƙaddamar a 2016, idan aka bar shi a zaune wuri ɗaya tun daga tasha har isowa, zai iya sauka da gyambon da bai hau da shi ba. A tsaya a Konni, a Dogondutsi, a Doso, a gyara masa zama.

Kuskure na biyu ya fi na farko saurin kisa, kuma shi ma da sunan tausayi ake yin sa. Shanyewar ɓarin jiki takan taɓa naman maƙogwaro, sai haɗiya ta lalace, ruwa ko abinci ya bi hanyar iska ya sauka cikin huhu. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ruwa zalla ya fi kunu mai kauri haɗari, domin yana gangarawa da sauri kafin maƙogwaro ya rufe. Ni na riƙa tallafo kan maigida yana kwance ina ɗura masa ruwa da kofi, ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa, in bubbuga bayansa in ci gaba, ina cewa zafi ake yi, dole ya sha. Da muryarsa ta koma kamar mai magana da ruwa a wuya ban gane komai ba. Da zazzaɓi ya zo na ce na sauro ne, na aika aka sayo magani, sai da numfashinsa ya fara sama-sama muka tafi, aka ce huhu ne ya kamu. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta tambaye ni yadda nake shayar da shi, na kwatanta mata, ta dube ni ta ce, “Hajiya, ruwan nan ba cikinsa yake zuwa ba.” Har yau ban manta da yadda ƙafafuna suka yi sanyi ba.

Tun daga ranar ba a sake sa masa ko ɗigo a baki yana kwance ba. Ana ɗaga shi ya zauna sosai, a tokare shi da matasai, kansa ya ɗan sunkuyo gaba, kuma sai ya farka sarai, ba cikin magagin barci ba. Da ƙaramin cokali nake ba shi, ta ɓangaren bakin da ke da lafiya, ba na ƙara wani sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Kunu da koko ina dama su da kauri, fura a dame ta ta yi sumul ba gudaji, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, ƙwai da wake da aka dafa suka narke, domin gyambo ba ya cikewa idan jiki ba ya samun abinci mai gina shi. Bayan ya gama ina duba cikin kuncin da ya shanye, inda abinci yake maƙalewa bai sani ba, in wanke masa baki, in bar shi a zaune kamar rabin awa. Idan tarin ya ƙi ƙarewa duk da haka, magana ta koma wurin lokotoro, kuma idan ya ce a sa robar abinci ta hanci kada a tsaya jayayya da shi.

A nan dole in yi magana da dangi da ƴan dubiya, kuma ba zan sassauta ba. Kowa ya shigo da nasa: wannan ta kawo jiƙo, wancan ya kawo rubutu, wani ya ce iska ce ta buge shi, a kira wanzami ya yi tsaga. Ba ni da ja da addu'a, da ita muka rayu, amma rubutu ruwa ne, kuma huhu bai san bambancinsa da ruwan randa ba. Idan za a ba shi, a zaunar da shi a ba shi yadda ake ba shi komai, ko a shafa masa. Wanda ya ɗura wa marar lafiya abu a kwance ya tafi gidansa ya yi barci, matar ce za ta kwana tana ƙirga numfashi. Haka kuma masu zama a kansa suna cewa “ai wane ya ƙare” su sani cewa da yawa daga waɗanda maganarsu ta ɗauke suna jin abin da ake faɗa, suna kuma ganewa. Na ga hawaye a idon maigida ranar da wani abokinsa ya yi irin wannan magana. Dubiya minti kaɗan ta isa, a gaishe shi da sunan da aka saba, a yi masa addu'a, a fita a sha shayin a waje.

Sauran kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye wajen ɗagawa, domin kafaɗar tana iya gocewa ta bar shi da ciwon da zai daɗe. Kada a gasa masa gaɓar da ba ta ji da ruwan zafi, ko a ajiye kaskon wuta kusa da ƙafarsa da hunturu, zai ƙone bai sani ba. Maganin hawan jini ba a daina shi don an auna an ga tansiyon ya sauka, saukar aikin maganin ce, kuma ba a sayensa a tiren masu talla da rana ta gasa. A rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. Idan an sa masa robar fitsari, jakar ta kasance ƙasa da mararsa, ba a kan gado ba, ba kuma a yashe a ƙasa ba. A ɗaura gidan sauro. Ni ina da littafi ɗaya da nake rubuta magani da lokacinsa, da ranar da ya yi bayan gida, da abin da awon jini ya nuna, kuma da shi nake zuwa wurin lokotoro.

Akwai kuma yi masa komai da komai, wanda ni ma na daɗe ina yi. Watannin farko su ne lokacin da jiki ya fi karɓar horo, don haka abin da zai iya yi da hannunsa mai lafiya a bar shi ya yi, ko da zai ɓata riga, gaɓoɓin da suka shanye kuma a riƙa lanƙwasa su ana miƙewa a hankali kullum yadda mai koyar da motsa jiki ya nuna, don kada su sandare. Salla ma kada a ce ta faɗi a kansa: ya yi taimama idan alwala ta gagara, ya yi ta a zaune ko a kwance. A wurin maigida ita ce ta fara dawo masa da lissafin lokaci.

Na bar maganar mai jinyar kanta a ƙarshe domin ni ma a ƙarshe na tuna da ita. Kunya ta hana ni neman taimako, ina ganin ba wanda ya kamata ya ga tsiraicin mijina sai ni, har ranar da jiri ya kwashe ni a bakin murhu. Washegari na kira ƙanensa na ce, “Baban yara, juyin dare ya fi ƙarfina, ku raba shi tsakaninku.” Shi da ɗanmu na fari suka karɓi dare bi da bi, wanka da sauya zane suka zauna a hannuna, ƙanwata ta karɓi girki, yayarsa da ta hana juya shi da farko ita ta riƙe zuwa farmasi. Na rubuta sunan kowa da lokacinsa a takarda na manna a bayan ƙofa, wanda kuma uzuri ya taso masa shi yake nemo wanda zai tsaya a madadinsa.