Yadda ake auna albarushi da dalma a bindigar ɗuri

Duk wanda na gani bindigar ɗuri ta ci masa yatsu, wallahi tun wajen ɗuri matsalar ta faro. Mutum ya zuba albarushi a tafin hannu ya kimanta da ido, wai ai hannunsa ya saba. Nemi mudu tukuna, ɗan ƙaramin ma'auni na tagulla, kuɗinsa bai kai na ɗinkin hannu a asibiti ba. Daga gora ka zuba a mudu, daga mudu zuwa bakin bindiga. Kar ka taɓa kafa gorar a bakin bututu, in akwai sauran garwashi a ciki gorar gaba ɗaya ce za ta tashi a hannunka.

Masu bindigar kamfani a Amurka da giren suke awo, giram ɗaya giren 15 ne da ɗan ɗori. A bindiga mai lamba .50, wato mai faɗin rami rabin inci, dunƙulen dalmarta yana kai giren 177, kuma da giren 50 na baƙin albarushi suke farawa, wato giram 3 da 'yan kai, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ba tare da an wuce abin da kamfani ya rubuta ba. To wannan lissafin na bututun da aka gwada ne fa. Harba-ruga ƙirar maƙera wadda aka yi da bututun ruwa ba za ta ɗauki wannan ba, kar ka ɗora mata. Kuma duk sanda dalma ta ƙara nauyi matsin da ke cikin bututu ƙaruwa yake, don haka mai cusa dalma biyu ko guntun ƙarfe don ya samu ƙarfi kansa yake ɗana wa tarko. Albarushin da ake farkewa daga harsashin zamani kuwa ko ƙwaya kar ya shiga, matsinsa ya fi ƙarfin wannan bindigar nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda ya fi damuna. Wani yaro da muke fita daji tare ya ɗura, aka kira shi, ya dawo ya manta ya sake ɗurawa a kai. Bututun ya tsage kamar an bare rake, har yau babban yatsansa baya lanƙwasuwa. Maganin abin ba wuya: zura sandar ɗuri a bindiga tana wayam, ka yi mata tsaga da wuƙa daidai bakin bututu, ka ɗura daidai ka sake zurawa ka yi tsaga ta biyu, alamar ɗuri guda ɗaya ke nan. Kullum kafin ka zuba komai zura sandar ka duba. In tsagar farko ta tsaya sama da baki, akwai abu a ciki, dakata.

Danna dalma har sai ta zauna daram a kan albarushi, rata tsakaninsu na kumbura bututu. In ka ja kunama ta ƙi tashi, bar bakinta yana kallon inda ba kowa, ka ƙirga minti guda cur kafin ka taɓa ta.