Yadda za ka lissafa harajin kwanan otal kafin ka bar Maradi

Jama'a masu tafiya Dubai ko Istanbul sayo kaya, da masu zuwa Faransa jinya ko ziyarar yara, ku sani kuɗin ɗakin da kuke gani a waya ba shi kaɗai ne za ku biya ba. Garuruwa da yawa suna da wani lanfo da suke ɗora ma baƙo a kan kowane dare, otal ne ke karɓa ya miƙa ma hukumar gari, kuma sau da yawa sai ranar fita ake gaya maka, lokacin da kuɗin hannunka duk sun tafi wajen kaya da kago.

Abu na farko, tun kana gida ka buɗe shafin otal ɗin a Booking ko wajen da ka kama ɗakin, ka sauka can ƙasan farashi inda ake ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa. Ka nemi inda aka sa taxe de séjour, ko city tax, a Dubai kuma Tourism Dirham suke rubutawa. In an ce yana ciki to shikenan. In ba a ce komai ba ka tura ma otal ɗin saƙo a WhatsApp ka tambaya, kuma ka aje amsar a wayarka kar ka goge. In ɗan ajans ne ya kama maka ɗakin, shi za ka tsare da tambaya kafin ka ba shi ko dala.

Na biyu shi ne wanda ya fi shafarmu, tunda mu mutanenmu ba mu cika kwana ɗai-ɗai ba, mutum uku ko huɗu ne a ɗaki guda a raba kuɗi. Sai ka gano ko harajin na kai ne ko na ɗaki. A Dubai tun 2014 na ɗaki ne, daga dirhami 7 zuwa 20 kowane dare gwargwadon tauraron otal, mai tauraro uku irin na wajajen Deira inda 'yan kasuwarmu ke sauka dirhami 10 ne, to ko ku nawa ne a ciki in kun yi dare 7 dirhami 70 ne kawai, ku haɗa ku biya. Amma dai kar ka manta a can akwai wasu kason daban, kashi 7 cikin ɗari na hukumar gari, 10 na hidima, 5 na TVA, su ma ka duba ko suna cikin farashin. Maleziya ma na ɗaki ne, ringit 10 a kan baƙon waje tun 2017.

Paris kuwa kai ake ƙirgawa. A 2024 otal mai tauraro uku Yuro 5,20 ne kowane babba kowane dare, to Alhaji da Hajiya in suka yi dare 5 ka ga Yuro 52 ke nan, kuma tunda Yuro ɗaya sefa 655,957 ne ba ya motsi, lissafin ya kama wajen jika 34. Ba kuɗin da zai karya mutum ba ne amma wanda ya je jinya yana ƙirga kowane tamma ya san zafinsa. Roma ma haka, na kai ne, a manyan otal har Yuro 10.

Sai kuma masu yanka kaso daga kuɗin ɗakin. Turkiyya kashi 2 cikin ɗari suka sa a farkon 2023, da sauƙi. Amsterdam 12,5 tun 2024, wannan kam ni a ganina sun wuce gona da iri. Legas nan kusa da mu kashi 5 suke ɗorawa ban da nasu TVA na 7,5.

Na uku ka duba wa aka yafe ma. A Faransa yaron da bai kai shekara 18 ba ba ya biya, a Roma ƙasa da shekara 10, don haka in da yara kake ka miƙa fasfo ɗinsu a wajen karɓar baƙi tun ranar shiga, kar a ƙirga su cikin manya. Akwai kuma iyakar kwanaki, Roma dare 10 a jere suke karɓa a otal, Dubai 30, abin da ya haura ba a biya. Gardamar nan ta ai ni ba yawon buɗe ido na zo ba kasuwa na zo, dan Allah ka bar ta, a Dubai da Paris ba ta fid da kowa, ka kwana ka biya.

Da ka gama lissafi sai ka ware kuɗin daban, takardun kuɗin ƙasar ba sefa ba, ka sa su cikin fasfo ko wani aljihun da ba ka taɓawa, don wasu ƙananan otal a hannu suke son a ba su kuma katin bankinmu ba kullum yake wucewa a na'urarsu ba.

Ranar fita kar ka karɓi jimla da baki. A ba ka faktir, ka bi layi-layi da yatsa, adadin dare daidai ne? Adadin mutane fa? In ta Airbnb, shafin nan na hayar gidajen mutane, ka kama gida a Faransa yawanci sun riga sun cire harajin tun lokacin da ka biya, sai ka nuna ma mai gidan resinka in ya sake nema. Wanda kuma wani ya aika, ko patron ko ma'aikata, ya tabbata harajin ya fito a rubuce da hatimin otal, in ba haka ba wajen maido masa kuɗinsa za a yi ta ja-in-ja.