Ejan ya riƙe maka kuɗin ajiyar gidan haya a Ingila? Ga inda ake yin kuskure

Ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke haya a Ingila sukan bar gida, su miƙa makulli, su zauna jiran kuɗin ajiyar da suka bayar tun shigarsu. Sai bayan mako uku imel ya zo daga ejan: an cire fam 250 na goge-goge, fam 400 na kafet, fam 180 na fenti. Da yawa daga nan sai su ce "Allah ya isa", su karɓi ragowar. Asarar kuwa ba dole ba ce, domin a dokar ƙasar kuɗin nan naka ne har sai mai gida ya kawo hujjar da ta ba shi damar taɓa su.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar ejan a matsayin alƙali. Ejan wakilin mai gida ne, kuma takardar da ya aiko maka buƙata ce kawai, ba hukunci ba. Tun daga 6 ga Afrilu 2007, dokar gidaje ta 2004 ta wajabta wa mai gida ko ejansa ya kāre kuɗin ajiyar ɗan haya a ɗaya daga kamfanoni uku da gwamnati ta amince musu: Deposit Protection Service, mydeposits, ko Tenancy Deposit Scheme. Yana da kwana 30 daga ranar da ya karɓi kuɗin, kuma cikin kwanakin nan sai ya ba ka bayani a rubuce: wane kamfani ne, nawa aka ajiye, yadda ake karɓa, da abin yi idan an saɓa. Kāriyar iri biyu ce. Akwai wadda kuɗin ke zaune a hannun kamfanin kansa, akwai wadda ejan ke riƙe da su ya biya inshora. Ka san naka wane iri ne, don hanyar karɓa ta bambanta. Idan takardar ta ɓace, shiga shafin kowane kamfani a intanet ka bincika da sunan mahaifinka kamar yadda yake a yarjejeniya, da lambar unguwa ta gidan waya (postcode), da ranar fara haya, da adadin kuɗin.

Idan ka duba duka ukun babu, ko ka ga an saka kuɗin bayan kwana 30 sun wuce, to ejan ne ke cikin matsala, ba kai ba. Kotun gunduma tana iya umartar mai gida ya mayar maka da kuɗinka, ta ƙara masa tarar da ta kama daga ninki ɗaya zuwa ninki uku, kuma kana da shekara 6 na kai wannan ƙara. Mutane kan gano haka su yi shiru don kunya ko gudun fitina. Sau da yawa ambaton wannan magana a wasiƙa ɗaya ya isa a daina ja da kai a kan fam 200 na share-share. Sai dai wanda ke zaune a ɗaki cikin gidan da mai gida yake kwana ba ya cikin wannan kāriya. Shi kotu ce hanyarsa kai tsaye.

Kuskuren da ya fi kowane tsada tun ranar shiga ake yin sa. Ana ba ka takardar lissafin kayan gida da yanayinsu, mai shafi ashirin ko talatin, kai kuma ka gaji da tafiya, ga sanyi, sai ka sa hannu ba ka karanta ba. Takardar nan ita ce ma'aunin da za a auna ka da shi ranar fita. Idan ta ce murhu na da tsafta alhali ka tarar da maiƙo a cikinsa, maiƙon ya zama naka. Yawanci akan ba da 'yan kwanaki, galibi bakwai, don ka yi gyara. Bi ɗaki ɗaki da wayarka: cikin tanda, bayan firji, ƙarƙashin katifa, gefen tagogi, robar da ke zagaye da bahon wanka, duk wani tabo a kafet. Ka ajiye tsabar kuɗi kusa da tabon don a ga girmansa. Sannan ka tura hotunan ga ejan ta imel a ranar, saboda kwanan watan imel shaida ne da ba a musu.

Wanda bai yi haka ba kuma ya riga ya fita, kada ya karaya. Ya tambayi ejan kwafin takardar shiga da ta fita. Idan babu takardar shiga ko kaɗan, ko babu sa hannu a kanta, ko babu hotuna, raunin na mai gida ne, tunda shi ne zai nuna yadda gidan yake a da.

Sai batun tsufan kaya. Doka ta bambanta ɓarna da lalacewar da zama ke kawowa. Kafet ɗin da ya siɗe a bakin ƙofa, fentin da ya dushe, labulen da rana ta ci, ba a cajin ɗan haya a kansu. Ƙunar dutsen guga, tabon man ja, ko ramin da garwashin turaren wuta ya huda, waɗannan ɓarna ne, kuma gara ka amsa su da ka yi musu. Amma ko a nan ba a yarda mai gida ya sami sabo a madadin tsoho da kuɗinka ba. Ɗauki misali: kafet na fam 600 da ake sa ran zai yi shekara 10, ya riga ya ci 7. Abin da ya rage na darajarsa shekara 3 ne, wato fam 180, kuma idan ƙunar ƙarama ce a kusurwa, abin da ya dace ya gaza haka. Don haka tambayarka ga ejan ita ce: yaushe aka sayi kafet ɗin, ina rasit, ina takardar farashin gyara? Da yawan lissafin da aka kumbura a wannan tambayar yake sacewa.

Tsafta ce aka fi rigima a kanta, kuma a nan namu suke yawan faɗuwa, ba don ƙazanta ba, sai don abin da magatakardan ejan ke dubawa daban ne da abin da muke kira gida mai tsafta. Shi yatsa yake sa wa a ragar da ke saman murhu mai zuƙe hayaƙi, inda man suya ke taruwa. Yana duba farin dattin ruwa a gilashin banɗaki da bakin famfo, da aljihun sabulu na injin wanki, da ƙura a saman ƙofa. Abin da ke kanka shi ne ka mayar da gidan yadda ka same shi, ba fiye ba. Tun 1 ga Yuni 2019, dokar cajin 'yan haya ta hana a tilasta maka biyan kamfanin goge-goge ko kuɗin duba gida ranar fita, ko da an rubuta a yarjejeniya. Ita ce kuma ta kayyade kuɗin ajiya: hayar mako 5 idan hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba. Mai biyan fam 900 a wata ya ninka da 12, ya raba da 52, ya ninka da 5, zai sami fam 1,038 da 'yan kwabbai. Abin da aka karɓa sama da haka haram ne a doka. Kafin alƙalamin da ake bayarwa don a riƙe wa mutum gida shi ma bai wuce hayar mako ɗaya ba.

Fumfuna a bango tana da wuyar sha'ani. Idan rufi ne ke yoyo, na mai gida ne. Idan shanya a ɗaki ce da rufe tagogi duk hunturu, ejan zai ɗora maka. Abin da ke raba gardama shi ne imel ɗin da ka aika tun lokacin da ka fara ganinta.

Akwai masu cewa bari in ƙi biyan hayar watan ƙarshe, su riƙe a kuɗin ajiya. Dabara ce da ke juyowa kan mai ita. Bashin haya shi ne abu mafi sauƙin tabbatarwa, za a cire shi, a bi ka sauran, kuma ka ɓata shaidar da ejan na gaba zai nema.

Kada ka yi cinikin nan ta waya. Ejan zai ce "za mu duba", makonni su shuɗe, ba ka da komai a hannu. Rubuta: ga adadin da na yarda a cire, ga wanda ban yarda ba da dalilina, a sakar mini ɓangaren da babu jayayya a kansa yanzu. Kana da wannan haƙƙin, kuma da zarar an daidaita kan adadi, kwana 10 ne a biya. Ka dai kula da maɓallin amincewa a shafin kamfanin. Idan ka danna ka yarda da rabon da ejan ya tsara, komawa baya da wuya.

Idan ba a daidaita ba, kowane kamfani yana da mai raba gardama, kyauta. Ba ya zuwa gidan, ba ya kiran kowa, takardu da hotuna kawai yake karantawa, kuma hukuncinsa shi ke nan. Saboda haka dogon labarin rashin mutuncin ejan ba ya amfani. Jera abubuwan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hoton shiga, hoton fita da shafin takardar da ya shafe shi. Idan kuɗin na hannun ejan ne ƙarƙashin inshora, kada ka wuce wata 3 daga ƙarshen haya ba ka shigar da ƙorafi ba. Ejan mai jan ƙafa ya san da wannan wa'adi sarai. Idan kuma suna hannun kamfani ne mai gida ya yi gum, akwai takardar rantsuwa da ake sa wa hannu a gaban lauya, a ba shi kwana 14, in bai amsa ba a sakar maka. Waɗanda suka kama gida tare da abokai su tuna kuɗin ajiyarsu dunƙule yake, kuma galibi mutum ɗaya aka rubuta a matsayin jagora, shi ne zai shigar da buƙatar.

Idan mai gida ya ƙi yarda da mai raba gardama, sai kotun ƙananan ƙararraki, wadda ke sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba. Kafin nan ka aika wasiƙar gargaɗi mai wa'adin kwana 14, kuma sunan mai gida za ka sa, ba na ejan kaɗai ba. Halin ejan kansa, kamar ƙin amsa wasiƙa ko caji ba bisa ƙa'ida ba, ana kai shi ga ɗaya daga ofisoshi biyu masu sauraron ƙorafi a kan ejan, The Property Ombudsman ko Property Redress, duk wanda ejan ɗin yake ciki, bayan ka bi hanyar ƙorafi ta ofishinsa ko mako 8 sun wuce. Ƙungiyoyin agaji na Shelter da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta. Duk wannan na Ingila ne. Sikotland tana da nata kamfanoni da nata wa'adi.

Mai shirin komawa gida bayan karatu kada ya rufe asusun bankinsa na can sai kuɗin sun shigo. Ya kuma shiga shafin kamfanin ya sauya imel ɗin jami'a da nasa na kansa tun kafin ya hau jirgi, domin jami'a kan rufe nata bayan kammala karatu, saƙon neman hujja mai wa'adin kwana 14 ya faɗa akwatin da babu mai buɗewa.