Rubutun Kan Kabari: Inda Masu Bin Diddigin Asali Suke Yin Tuntuɓe

Mai neman tarihin kakanninsa idan ya dace da kabari mai suna da kwanan wata, sai ya ɗauka magana ta ƙare, tunda ga ta a sassaƙe jikin dutse. A nan kuskuren farko yake. Ba mamacin ne ya rubuta ba. Magada ne suka faɗa wa mai sassaƙa abin da suka tuna, suna cikin jimami, wani lokaci ma sai bayan shekaru aka samu halin kafa dutsen. Ranar rasuwa takan zo daidai, domin a gabansu aka yi. Shekarar haihuwa kuwa sau da yawa kintace ce, jika ya ji daga bakin gwaggo. Don haka ka riƙe ta da sassauci har sai ka gwada ta da rajistar makabarta, takardar shaidar mutuwa ko sanarwar jarida. Idan dutsen ya fi zamanin mamacin sabunta, to wataƙila an sauya na asali, kuma wajen kwafewa kuskure kan shiga.

Lissafin shekaru shi ya fi jefa mutane cikin ruɗani, kuma a ganina shi ya fi cancantar haƙuri. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, saboda haka wanda aka rubuta ya rayu shekara 70 da lissafin wata, bai wuce 68 ba da lissafin rana. Kuma shekarar Hijira ɗaya takan ratsa biyu na Miladiyya: 1400 ta kama a Nuwamban 1979, ta ƙare a Nuwamban 1980. In babu wata a rubuce, ka ajiye shekarun biyu, kada ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi. Tsofaffin kaburburan Ingila ma suna da nasu tarkon. Kafin 1752 sabuwar shekara a can tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, wato Fabrairun 1740 a jikin dutse shi ne Fabrairun 1741 a lissafinmu na yau.

Suna a jikin dutse kuma ba ya nufin gawar tana ƙarƙashinsa. A makabartar sojoji ta Taukkyan da ke ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, akwai bangon tunawa mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu ba a san kaburburansu ba.

Sai ɗaukar hoto. Mutane kan matsa kusa, su ɗauki suna kaɗai, su juya. Ɗauki ƙofar makabarta da allonta tukuna, sannan dutsen gaba ɗayansa, bayansa da gefensa, da kaburburan da ke maƙwabtaka da shi. Dangi sukan kwanta kusa da juna, kuma 'yar da aure ya sauya mata suna sau da yawa ta haka ake gano ta. Kada ka kunna filashi, yana shafe zurfin haruffa. Hasken da ya zo ta gefe shi ke fito da su, ko na hantsi, ko na la'asar, ko ka karkato rana da madubi. A dutsen da ruwa ya cinye, 3 da 8 sukan rikiɗe wa ido, haka 1 da 7. Abin da bai karantu ba ka bar gurbinsa, ka sa alamar tambaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu goge dutse da burushin ƙarfe, ko su zuba bilic, ko su shafa alli don rubutu ya fito. Hoto ɗaya suke samu, su bar wa na baya dutsen da ya ƙara zaizayewa. Ruwa zalla da burushi mai laushi sun isa, shi ma bayan izinin masu kula da wurin. Dutsen da ke ɓarɓashi kada a taɓa shi sam.

Shafukan intanet masu tattara hotuna da bayanan kaburbura, irin su Find a Grave da BillionGraves, suna da amfani ƙwarai, amma 'yan sa-kai ne ke cika su. Wani yakan haɗa mutum da iyayen da ba nasa ba don kawai suna ya zo ɗaya. Buɗe hoton ka karanta da idonka, abin da aka ƙara a shafin wanda babu shi jikin dutsen ka nemi inda aka samo shi kafin ka shigar da shi cikin salsalar gidanku.