Yadda Ake Karanta Ayyukan Mai Bincike Kan Shirin Tunkarar Bala'i da Kula da Tsofaffin Sojoji

Ɗalibin likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni, ko ma'aikacin lafiya a Yamai da aka ɗora wa rubuta tsarin da asibiti zai bi idan ambaliya ta zo, da zarar ya shiga intanet zai ci karo da dogon jerin maƙalolin masu bincike na Amurka, kuma zai lura cewa da yawa daga cikinsu a kan tsofaffin sojoji aka yi su. Wannan jagora na wanda yake da jerin maƙalolin mai bincike ɗaya daga cikinsu a gabansa ne, yana son ya san ta inda zai kama shi da abin da zai iya ɗaukowa zuwa bakin kogin Isa.

Kafin ka buɗe maƙala ko ɗaya, ka fahimci dalilin da ya sa bala'i da tsofaffin sojoji suke haɗuwa a hannun mai bincike ɗaya. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka tana da manyan asibitoci kusan 170, da mutane wajen miliyan 9 da suka yi rajista a cikinta, kuma bayan jinya da koyarwa da bincike, an ɗora mata aiki na huɗu, wato taimaka wa ƙasa a lokacin yaƙi ko bala'i, wanda tushensa yake cikin wata doka ta 1982. Bayanan marasa lafiyarta suna cikin kwamfuta, saboda haka idan guguwa ta rufe asibiti a wani gari, mai bincike yana iya bin sawun kowane majinyaci ya ga inda ya koma, da kwana nawa ya yi bai ga likita ba, da ko ya rasu. A shekarar 2010 ma'aikatar ta buɗe wata cibiya a jihar Kalifoniya, mai suna VEMEC, domin irin wannan nazari kaɗai, kuma za ka riƙa ganin sunanta a ƙarƙashin sunayen marubuta.

Aikin farko shi ne ka tabbatar da cewa jerin na mutumin da kake nema ne, domin sunaye suna yin kama. Lambar ORCID, wato lambar shaida da mai bincike yake yin rajistarta kuma ba ya raba ta da kowa, ita ce take raba gardama idan yana da ita. Cikin shafukan neman maƙaloli a intanet, Google Scholar yana kwaso komai, har da taƙaitaccen jawabin taro da kundin ɗalibi, alhali PubMed ya fi tsayawa kan abin da ya fito a mujallun kiwon lafiya, don haka ka gwama su biyun. Daga nan ka jera maƙalolin bisa shekara, ka ajiye su kusa da tarihin bala'o'in da kansu: guguwar Katrina a Agustan 2005, guguwar Sandy a Oktoban 2012, guguwar Maria a Satumban 2017, sai annobar korona daga 2020. Za ka ga rubuce-rubucen suna fitowa rukuni-rukuni, shekara biyu ko huɗu bayan kowane bala'i, kuma sau da yawa maƙala biyar daga rumbun bayanai ɗaya aka ciro su. Wanda bai lura da haka ba sai ya ɗauka shaidu biyar yake da su, alhali shaida ɗaya ce ta yi magana sau biyar.

Ka duba kuma inda sunansa ya faɗo. A al'adar mujallun likitanci, na farko shi ne wanda ya ɗauki nauyin aikin da rubutun, na ƙarshe yawanci shugaban tawaga ne, na tsakiya kuwa gudummawarsu tana iya zama babba ko ƙarama. Yawan maƙaloli da yawan waɗanda suka ambace su abu ne da ya shafi ƙarin girma a jami'a, kamar yadda malamanmu suke tara nasu domin hukumar CAMES mai tantance ƙarin girman malaman jami'a, amma ba ya gaya maka ko aikin zai amfani majinyaci a unguwar Kirkisoye ta Yamai.

Sai rarrabewa bisa yadda aka yi binciken, kuma a nan ne ya kamata ka kashe lokaci. Akwai wanda aka yi da bayanan asibiti na dubban mutane, akwai wanda aka raba takardar tambayoyi, akwai hira da ma'aikata goma sha biyar ko ashirin, akwai kuma ra'ayin marubuci zalla. Kowanne da abin da yake iya ɗauka. Bayanan asibiti suna nuna wanda ya zo, amma ba su san labarin wanda ya zauna gida ba. Takardar tambayoyi kan shirin iyali tana da rauni sananne, domin mutum yana iya cewa ya tanadi ruwa da magani na kwana uku, ba wanda ya shiga ɗakinsa ya gani. Hira kuwa, duk da ƙarancin mutanenta, ita ce take bayyana dalilin da ya sa tsari ya rushe, kuma a ganina ita ce ta fi amfani ga mai aiki a ƙasar da ba ta da babban rumbun bayanai. Ka fara da sashen da ya bayyana hanyar binciken kafin ka karanta sakamako, ka tambayi kanka su wa aka ƙirga, su wa aka bari, kuma da wa aka gwada su. Misalin guguwar Maria a tsibirin Puerto Rico ya isa darasi kan ƙirga: hukuma ta daɗe tana cewa mutum 64 suka mutu, sai nazarin Jami'ar George Washington, wanda ya gwada mace-macen watannin bayan guguwar da na shekarun baya, ya kai adadin 2,975, gwamnatin tsibirin kuma ta karɓe shi.

Idan ka karanta rukunin Katrina da na Sandy a jere, zare ɗaya za ka gani yana ratsa su. Wahalar da ta fi daɗewa tana faɗa wa masu ciwon da ba ya jira ne, wato mai wankin ƙoda sau uku a mako, da mai ciwon suga da yake kan allurar insulin, da mai hawan jini, da mai shan maganin taɓin hankali. A Katrina ruwa ya lalata asibitin tsofaffin sojoji na New Orleans, sabon ginin bai buɗe ba sai 2016, amma majinyatan da suka watsu zuwa wasu jihohi an iya ganin magungunansu a kwamfuta aka ci gaba da ba su. A Sandy an kwashe asibitin Manhattan tun kafin guguwar ta iso, aka rarraba marasa lafiya zuwa wasu asibitocin ma'aikatar, ginin kuma ya yi watanni a rufe. Abin da ya yi aiki a duka biyun shi ne sanin sunan majinyaci, da maganinsa, da inda za a tura shi.

Yanzu sai juyo da tambayar gida, kuma a nan ake yawan kuskure, domin ɗalibi yakan kwafo shawarar maƙala yadda take. Guguwar teku tana ba da gargaɗin kwanaki kaɗan, kogin Isa kuwa lokacinsa sananne ne: cikar damina a Agusta da Satumba, sai cikar ruwan da yake gangarowa daga ƙasar Gini, wadda take isowa Yamai cikin sanyi. Hukumar ABN mai kula da kogin, wadda hedikwatarta take nan birnin, tana bin tsayin ruwa kullum, kuma santimita 620 shi ne matakin jan gargaɗi. A Satumban 2020 ruwa ya kai wajen santimita 700, datsi ya karye, unguwannin Harobanda irin su Lamorde suka cika. A 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Tunda wata da unguwa duk an san su, abin da za ka ciro daga binciken Amurka shi ne rajista, ko da a littafi ce: sunan kowane mai ciwo mai ɗorewa, unguwarsa, lambar wayar wani ɗan'uwansa, maganinsa, da asibiti na biyu da zai je idan hanya ta yanke. Ka ƙara da ɗaukar hoton karnen asibiti da takardar magani a waya tun watan Yuli, da ba da maganin wata guda kafin ruwa ya kankama, da tambayar ta wace gada cikin gadoji ukun Yamai mai wankin ƙoda zai bi. Wannan ya isa kundi guda, kuma ana iya auna shi: mutum nawa cikin rajistar suka rasa magani fiye da mako ɗaya tsakanin Agusta da Oktoba.

Batun sojoji yana buƙatar taka-tsantsan na daban. Tsofaffin sojojin da ke cikin bayanan Amurka galibinsu maza ne masu shekaru, kuma suna da asibitocin kansu. A wurinmu kalmar ƴan mazan jiya tana tuna wa mutane dattawan da suka yi wa Faransa yaƙi, waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, alhali masu buƙatar kulawa yau matasa ne da suka dawo daga Difa da Tilaberi da arewacin Tawa da raunin harsashi ko na nakiya, ko da firgicin da yake hana barci, ga kuma matan da aka bari da marayu bayan hare-hare kan sansanonin soja irin na Inates a Disamban 2019 da Cinagodar a Janairun 2020. Alƙaluman can ba za su zauna a kansu ba, sai dai tambayoyin: wa yake bin lafiyar soja bayan ya tuɓe kaki, ina yake gyara ƙafar roba, kuma me yake faruwa da shi idan gidansa na laka ya faɗi cikin damina. Kada ka fara hira da kowa kafin ka sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa da amincewar hukumomin soja, kada kuma suna ko lambar aiki ko wurin da mutum ya yi yaƙi su shiga takardar da za ta fita daga hannunka.

Game da samun cikakkun maƙalolin, binciken da gwamnatin Amurka ta biya kuɗinsa da yawansa yana nan kyauta a rumbun maƙaloli na intanet mai suna PubMed Central. Sauran kuma ka tambayi ɗakin karatu na jami'a ko cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai game da shirin Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu damar karanta mujallun kiwon lafiya. Idan duk ya faskara, adireshin imel na marubucin da ake tuntuɓa yawanci yana shafin farko na maƙalar; ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa, ka ambaci sunan maƙalar da shekararta, ka faɗi aikin da kake yi a Yamai, ka kuma roƙi takardar tambayoyin da suka yi amfani da ita, domin ita ce za ka fassara zuwa Hausa da Zabarmanci ka gwada a kan mutum goma kafin ka shiga unguwa.