Yadda Za Ka Ziyarci Unguwar Jamestown ta Akra Ka Fahimci Tarihinta

Jamestown tsohuwar unguwa ce ta ƙabilar Ga da ke bakin teku a birnin Akra na ƙasar Gana, kuma ita da maƙwabciyarta Ussher Town ne ake haɗawa a kira su Ga Mashie. Baƙi da yawa sukan zo su ɗauki hoton tsofaffin gine-gine su juya, alhali kuwa mafi yawan tarihin wurin yana hannun masunta da dattawan da ke zaune a cikinsa, saboda haka wanda yake son sanin unguwar dole ne ya tsara ziyararsa yadda zai sadu da mutane.

Abu na farko shi ne zaɓen rana. Kada ka je ranar Talata idan aikin su kake son gani, domin a al'adar Ga ba a fita kamun kifi a teku a wannan rana, sai dai ka tarar da masunta suna ɗinkin koma da gyaran kwale-kwale. A sauran ranaku ka yi sammako ka isa gaɓa lokacin da kwale-kwale suke dawowa, ka ga yadda mata suke karɓar kifin, suna ciniki, suna kai shi wurin banda, domin kasuwancin kifi a nan kusan duka a hannunsu yake. Ka nemi ɗan unguwa ya yi maka jagora, ka yi gaisuwa kafin tambaya, kuma kada ka ɗaga kyamara kan kowa sai da yardarsa.

Daga nan ka nufi hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai fentin ja da fari. An gina ta farko a 1871, wadda ke tsaye yanzu kuwa ta shekarun 1930 ce. A nan ne za ka gane dalilin bunƙasar unguwar da kuma dalilin komawarta baya. Bayan Turawan Ingila sun mayar da hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Akra a 1877, nan ne ake sauke kaya, inda manyan jirage suke tsayawa can cikin teku, ƙananan jiragen tuƙi kuma su yi ta jigila zuwa gaɓa. Da aka buɗe tashar Takoradi a 1928, sannan ta Tema a 1962, sai cinikin ya ƙaura, manyan ɗakunan ajiya suka zama kufai.

Kusa da hasumiyar akwai ganuwar James Fort, wadda Ingilishi suka gina a 1673, kuma daga gare ta unguwar ta sami suna. Ɗan gaba kaɗan akwai Ussher Fort, wadda mutanen Holan suka gina a 1649. Ka shiga da natsuwa, domin an tsare bayi a waɗannan wurare kafin a ɗora su a jirgi, daga baya kuma aka mayar da su kurkuku. A James Fort aka ɗaure Kwame Nkrumah a 1950, yana ciki ya ci zaɓen 1951, aka sake shi ya jagoranci gwamnati.

Ga Bahaushe akwai wuraren da bai kamata ya wuce ba tare da tsayawa ba. Kasuwar Salaga da ke yankin ta ɗauko sunanta ne daga garin Salaga na arewacin Gana, inda fatakenmu suka daɗe suna cinikin goro, kuma daga tsohon zangon tsakiyar Akra ne Malam Baƙo ya jagoranci jama'a suka kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Haka nan ka tambayi gidan Brazil House na mutanen Tabom, zuriyar bayin da suka dawo daga Barazil a ƙarni na 19 da sana'o'i irin su ɗinki.

Da yamma ka leƙa Bukom, inda samari suke koyon damben zamani a ƙananan wuraren atisaye. Daga wannan yanki Azumah Nelson da Ike Quartey suka fito har suka zama zakarun duniya. Idan yunwa ta kama ka, abincin wurin shi ne kenke, wato dafaffen ƙullin masara mai tsami, da soyayyen kifi da yaji.

Wanda ke da zarafin zaɓen wata, a ganina Agusta ya fi. A lokacin ne Ga Mashie suke bikin Homowo, wato yi wa yunwa eho, don tunawa da wata yunwa da kakanninsu suka tsallake, inda sarakuna da shugabannin gidaje suke yayyafa abincin masara da ake kira kpokpoi, 'yan uwa na nesa kuma su dawo gida a sasanta saɓani. Sai dai ka sani cewa tun wajen Mayu zuwa Yuni akan hana kiɗa da hayaniya na tsawon kusan wata guda, kuma dokar ta shafi baƙo kamar yadda ta shafi ɗan gari.